Hano: Daga Zabirar Kakana Zuwa Farantin Gwaji

A damunar bara ce 'yar ƙanena ta shigo mini gida a nan Namtari, riƙe da baƙar leda cike da ɓawon itace. Tana ajin ƙarshe a jami'a, fannin ƙwayoyin cuta take karanta, an kuma ɗora mata binciken da ake yi kafin a fita. Ta zazzage ledar a kan tabarma ta ce, "Bappa, malaminmu ya ce in jarraba wannan a kan ƙwayoyin da suka daina jin magani. Wai sunansa Boswellia dalzielii. Ka san shi?"

Tun kafin in kai hannu ƙanshin ya ba ni amsa. Na ce, "Mamana, ai hano ne. Da shi kakanmu ya yi ta wanke gyambon mutanen garin nan. Zauna ki ji, domin wannan dogon sunan ma daga ƙasar Yola aka samo shi."

Abin da na gaya mata a yammacin nan shi nake son rubutawa, tare da abin da magariba ta hana ni ƙarasawa. Ni jikan wanzami ne, na kuma yi shekara 35 ina aiki a ɗakin gwajin asibiti, daga 1981 zuwa 2016. Hannun da ya riƙe wa tsoho ƙaho shi ne daga baya ya riƙe farantin gwaji.

Kakana daga ƙasar Kano ya biyo fatake yana saurayi, ya yada zango a Namtari, kan hanyar da ta tashi daga Yola ta nufi Numan, ya zauna cikin Fulani har Allah ya karɓi abinsa. A zabirarsa akwai aska kala-kala, da ƙahoni, da dutsen washi, sannan a aljihun ƙasa akwai ƙulle-ƙullen tsumma, kowanne da garinsa. Idan hunturu ya kama, lokacin kaciya ya yi, zai tura mu mu ɗora tukunya. Ɓawon hano ake dafawa har ruwan ya yi ja, a bar shi ya huce a wanke rauni, sannan a barbaɗa garin bagaruwa. Marke na tari ne da gudawa, maɗaci na zazzaɓi da ciwon ciki, sabara ta mai jego. Hano kuwa har ƙaronsa ake sa wa a wuta a turara ɗaki da tufafi. Ba abin mamaki ba ne, tunda dangin itacen lubban ne, wanda ake kawowa daga Somaliya da Yaman.

Na sha binsa ɗebo shi. Itace ne mai son tudu da duwatsu, fatarsa tana saɓulewa siri-siri kamar takarda, da rani kuma yakan zubar da ganye ya fitar da farin fure mai ƙanshi. Tsoho zai sassaƙa ta gabas, ya zagaya ya sassaƙa ta yamma, ya bar sauran. Wata rana na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Abokina, in ka yi masa zobe ka kashe shi. Baɗi wa za ka roƙa?"

Ba zan yi wa zamanin nan kwalliyar da ba shi da ita ba. Akwai raunin da ya warke sumul, akwai wanda ya yi ruwa ya yi wari duk da hano da bagaruwa. Na san gidajen da aka rasa jarirai da ciwon sarƙewar haƙora bayan yankan cibiya. Kakana ya san iyakarsa, in abu ya gagara yakan faɗa a fili.

Kada kuma a ɗauka ilimin tsirrai bai taɓa shiga takarda ba sai da Bature ya zo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magani, ciki har da na basir, da na ciwon ido, da na amfanin filasko. Shekara huɗu bayan rasuwarsa, a 1841, Modibbo Adama ya kafa Yola, malamai suka riƙa isowa da littattafai a gafaka. Sai dai irin su kakana nasu karatun a ka yake, daga bakin uba zuwa kunnen ɗa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa yaranmu ba shi ne, ɓawon itace ne ya buɗe wa Turawa kogin nan na Binuwai. A da, zazzaɓin cizon sauro ke karkashe su tun ba su yi nisa da teku ba. A 1820 wasu masana biyu a Faransa suka ware sinadarin kwinin daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka mai suna cinchona. A 1854 likita William Baikie ya hau Binuwai da jirgin ruwa mai suna Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum. Sun kai har yankin Muri suka juya ba su iso Yola ba, amma ko mutum ɗaya bai mutu a tafiyar ba. Daga nan hanya ta buɗe. A 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita daga birninsa.

A cikin likitocin da suka biyo bayan sojojin akwai wani ɗan Sikotlan, John McEwen Dalziel, wanda ya kama aikin likita a Afirka ta Yamma a 1905. Mutum ne mai son tsirrai. Duk inda aka tura shi, Katagum ne, Sakkwato ne, Kwantagora ne ko Yola, zai tsinko ganye da fure ya matse su a tsakanin takardu, ya tambayi sunansu da amfaninsu ya rubuta, ya aika lambun Kew da ke Landan. A 1910 mujallar Kew ta buga rahotonsa kan albarkatun tsirrai na lardin Yola, a cikin wannan rahoton ne kuma wani masani mai suna John Hutchinson ya raɗa wa hano sunan Boswellia dalzielii don girmama shi. A 1916 Dalziel ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ya rasu a 1948. Daga baya H. M. Burkill ya sake gina littafin ya zama mujalladi shida, tsakanin 1985 da 2004.

Ina ganin girman wannan likita, domin ba don alƙalaminsa ba da sunaye masu yawa sun bi masu su kabari. Amma wa ya nuna masa? Makiyaya ne da maharba da ungozomomi da wanzamai suka kama hannunsa suka kai shi gindin kowane itace. Itacen da Bahaushe ke kira hano ko ararraɓi, Bafillace ya ce andakehi, yau duniya ta san shi da sunan baƙon da aka nuna masa shi, tattaɓa-kunnen wanzami kuma sai da ta je jami'a ta ji sunan baƙon kafin ta ji na gida. Wannan yana ci mini rai har yau.

Abin da ya rage wa zabira kasuwa shi ne allura. Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, aka samu yin sa da yawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun 1950 kuma ya shiga ƙauyukan Najeriya. Manyanmu sun ga abin al'ajabi: gyambon shekara biyu ya bushe cikin mako, ciwon sanyi ya tafi da allura ɗaya. Kakana da kansa yakan ce wa mai irin wannan ciwo ya hau keke ya tafi disfensare, kada ya ɓata lokaci a wurinsa. Bai ɗauki allura kishiya ba.

Da na fara aiki a 1981, abin da aka fara koya mini shi ne gwajin da ke nuna wane magani zai ci wace ƙwaya. Ana zuba wani abinci mai kama da daskararren kamu a farantin gilashi, a shafa ƙwayar cutar da aka samo daga fitsari ko mugunyar majiyyaci, a jera 'yan ƙananan takardu masu jiƙe da magunguna daban-daban, a sa a akwatin ɗumi daidai da zafin jikin mutum, digiri 37, ya kwana. Da safe ƙwayar ta rufe farantin kamar gansakuka, amma duk inda magani ya ci za ka ga fili tas kewaye da takardar, kamar wata ya yi sansani. Sai a auna faɗin filin da rula. Likitoci biyu na Amurka, Kirby da Bauer, su suka daidaita wannan hanya a 1966, da ita kuma ake aiki har gobe.

A shekarun farko, ampisilin da seftirin da tetirasaikilin duk sukan yi mini sansani mai faɗi. Ina gani da idona, shekara bayan shekara, zoben nan yana tsukewa. Ba na manta wata safiya gab da ritayata da na buɗe farantin wata mai jego da ciwon mafitsara ya hana ta barci. Takarda takwas na jera, ƙwayar ta haye bakwai har ta taɓa su. Ɗayan da ya rage allura ce mai tsada, sai da mijinta ya sayar da tumakinsa kafin ya iya saye. Ta tashi, alhamdu lillahi. Akwai waɗanda na rubuta wa sakamako irin wannan da ba su tashi ba.

Manomi zai fi kowa gane yadda abin yake faruwa. Idan ka tsinka maganin feshi da ruwa fiye da kima don ya ishe ka, ciyawa mai rauni ce za ta mutu, mai taurin kai ta tsira ta zuba iri, baɗi gonar ta zama tata. Haka ƙwayar cuta take, sai dai ita ba ta jiran baɗi: wasu cikin minti 20 suke rabuwa biyu, suna kuma miƙa wa junansu dabarar tsira ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Fleming da kansa, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan magani ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin bijirewa.

To mu kuwa ƙasa da kima muke sha. Je tashar mota a Jimeta ka ga mai talla da kwali a ka, rana tana dukan kafso tun safe. Mai ciwo zai shiga kemis ya ce a ba shi ja da rawaya guda biyu, domin kuɗinsa ke nan. Mura ma, wadda antibayotik ba ya yi mata komai, ana sha mata. A kasuwar shanu ta Ngurore da ke maƙwabtaka da mu, da rugagen da ke kewaye, makiyayi zai tsira wa saniya allura yau, gobe a tatse ta a kai nonon gari. Masu kaji suna zubawa a ruwan sha tun suna 'yan tsaki. Ban ɗora wa talaka laifi ba. Wanda ba shi da kuɗin kati da na gwaji, asibiti kuma ya yi masa nisa, da abin da ke aljihunsa zai yi magani.

Abin da na gani a farantina, masu bincike sun ƙidaya shi. Farfesa Iruka Okeke da abokan aikinta sun bi diddigin ƙwayar E. coli a jikin ɗalibai lafiyayyu a Ile-Ife. A 1986, kashi 9 zuwa 35 cikin ɗari ne suka bijire wa tsofaffin magunguna huɗu, ciki har da ampisilin da tetirasaikilin. Zuwa 1998 abin ya kai kashi 56 zuwa 100. A 2022 mujallar Lancet ta buga ƙiyasin cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, yankin da abin ya fi muni kuma shi ne namu, Afirka ta Yamma. Najeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017.

Wannan ne ya sa ido ya komo kan itatuwa. Farfesa Abayomi Sofowora na Ife yana cikin waɗanda suka share fage, tun daga gwajin itatuwan asuwaki a farkon shekarun 1970, har littafinsa na 1982 kan tsirran magani na Afirka. A nan gida, jami'ar da aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, ta yi rawar gani. J. H. Doughari ya buga bincike kan tsamiya a 2006, a 2007 kuma shi da abokan aikinsa suka gwada saiwar gwanda, suka kuma gwada aduwa da zogale a kan ƙwayar taifot. A 2007 ɗin dai Dimas Kubmarawa na sashen kimiyyar sinadarai da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin tsirrai 50. Na karanta waɗannan takardu ina jin daɗi, domin itatuwan ƙofar gidanmu ne suka shiga mujallun duniya, a wannan karon da sunayen 'ya'yan ƙasa a kansu.

Na bi 'yar ƙanena na ga yadda take nata. Ta shanya ɓawon a inuwa, ta daka a turmi, ta tankaɗe, ta jiƙa wani a ruwa wani a sifirit, ta tace ta ƙafar da shi ya zama kamar ƙullu. Daga nan sai gwajin sinadaran da ke ciki. Ta ɗiga ruwan gishirin ƙarfe, nan take ya koma baƙi-baƙi, ta ce alamar tanin ke nan. Na ce mata ta je wurin dukawa ta ga kuloko, ruwan tsatsar ƙarfen da suke shafa wa fatar da aka jeme da bagaruwa ta koma baƙa wuluk. Gwaji ɗaya ne, su sun riga littafinta. Ta girgiza wani a kwalba ya yi kumfar da ba ta kwanta ba, ta ce safonin ne. Kumfar da ta sa kakanninmu mata suke wanki da ɓawon aduwa ke nan. Ta huda ramuka a faranti ta zuba ruwan hano, washegari ga zobe ya fito kewaye da ramin. Ta kira ni a waya murya na rawa, "Bappa, ya ci!"

Na taya ta murna, kuma da gaske nake. Amma da ta dawo na gaya mata abin da dole in gaya wa mai karatu. Zobe a faranti ba waraka ba ce. Tanin yana kama naman duk abin da ya taɓa ya ɗaure shi, shi ya sa yake jeme fata, shi ya sa yake busar da rauni, shi ya sa kuma yake kashe ƙwaya a faranti. Wannan hujja ce mai kyau ga abin da kakana yake yi, wato wanke ciwon da ke waje. Amma idan ƙwayar tana cikin jini ko huhu ko ƙoda, sai an san ko sinadarin zai tsallake hanji ya isa can, da yawan da ake bukata, da abin da zai yi wa hanta a kan hanya. Sau da yawa ruwan itace sai an zuba ninki ɗari ko dubu na abin da antibayotik ke bukata kafin ya yi aiki iri ɗaya. Kuma magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya da muke sha a yau, daga fumfuna da ƙwayoyin cikin ƙasa aka samo yawancinsu, wasu kuma haɗa su aka yi. Don haka mai lasifika a bayan mota da ke cewa jami'a ta tabbatar garinsa yana maganin taifot da sanyi da komai da komai, ya faɗi abin da jami'a ba ta faɗa ba, kuma ana rasa rayuka a kan wannan.

Duk da haka ban yarda a ce aikin banza ba ne. Kwinin daga ɓawo ya fito. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi a 1972, bayan ta koma tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu, aka kuma ba ta Nobel a 2015. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka sun nuna cewa wani tsiro yana ɗauke da sinadarin da ke toshe famfon da ƙwayar cuta ke amfani da shi tana fitar da magani daga cikinta. Ke nan ko itace bai kashe ƙwaya da kansa ba, yana iya riƙe mata hannu tsohon magani ya samu shiga. A nan Najeriya ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace guda, ta bi shi mataki-mataki har ya zama maganin sikila mai suna Niprisan. An kuma rubuta sunan mai haɗin. Abin yana yiwuwa.

Damuwata ita ce mun daɗe a tsaye a matakin farko. Kowace shekara ɗalibi zai sayi sifirit da faranti da kuɗin ubansa, ya yi fama da ɗaukewar wuta, ya ga zobe, ya ɗaure littafi a ajiye a kanta, na bayansa ya zo ya maimaita itacen nan dai. Ware sinadarin shi kaɗai, gano siffarsa, gwada gubarsa a jikin dabba, sannan a jikin mutum, wannan yana son na'urori da kuɗi da shekaru, kuma ba aikin ɗalibi ɗaya ba ne. Ƙwayoyin da ya kamata a riƙa gwadawa su ne waɗanda suka gagari likitoci a asibitocinmu na Yola da Jimeta, ga shi yanzu muna da asibitin koyarwa a gari.

Lokaci kuma ba ya jiranmu ta ɓangaren daji. Marken da muke tsinka a bayan gari ya tafi a buhun gawayi. Hanon da nake kaiwa da ƙafa ina yaro, 'yar ƙanena sai da ta hau babur ta nufi wajen duwatsun Bere kafin ta samu, wanda ta samu ɗin ma 'yan kasuwa sun yi masa zobe. Tsofaffin da suka san wane ɓawo ake ɗiba da rani, wane da damina, wane ba a ba mai ciki, ana ta yi musu sallah ɗaya bayan ɗaya.

Ina roƙon malaman jami'o'inmu da gwamnatin Adamawa su ɗauki ko da itace uku ne, hano da marke da bagaruwa, su bi su har ƙarshe. Ɗalibin da zai zo Namtari ɗibar ɓawo kuma, ya fara zama gaban tsoho ko tsohuwar da ta san shi, ya rubuta abin da ta faɗa, ya nemi izninta ya sa sunanta a littafinsa, ya sassaƙa gabas da yamma ya bar sauran. Kai kuma mai karatu, idan likita ya rubuta maka na kwana bakwai, ka cika bakwai ɗin.